Yadda Ake Ƙona Curin Zaiba a Fitar da Zinare Ba Tare da An Shaƙi Guba Ba

Duk wanda ya taɓa zama a wurin wankin zinare, a Anka ne ko Birnin Gwari ko Komabangu ta Nijar, ya san yadda ake ƙarasa aikin. A zuba zaiba a kan baƙin yashin da ya rage a gindin kwano, a cuɗa, a matse a ƙyalle, a sami ɗan curi fari-fari kamar ƙwayar gurjiya, a ɗora shi a cokali ko a kan garwashi a yi ta hurawa. Kafin minti goma curin ya koma ruwan ɗorawa, sai a ce zaiba ta tafi. To, kusan rabin nauyin curin nan zaiba ce, kuma tururi ta zama. Wanda ya sunkuya yana hura wutar shi ke fara shan rabonsa, sauran kuma ya sauka a kan riga, da bango, da rufin ɗaki, da kwanon abincin da ke gefe.

Abin da ya sa mutane ke raina wannan tururi shi ne ba ya wari, ba shi da launi, ba ya sa hawaye. Amma huhu na ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa da ƙoda. Idan aka ƙona giram ɗaya tak na zaiba a ɗaki mai mita uku kowace kusurwa aka rufe ƙofa, iskar ɗakin za ta ɗauki fiye da ninki dubu na abin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a wurin aiki.

Mafi aminci dai shi ne a bar zaiba kwata-kwata, kuma akwai hanyar hakan a ƙasa. Wanda bai kai ga bari ba tukuna, aikinsa shi ne ya tabbatar zaibar da ta fito daga kwalba ta koma kwalba. Abin da ke yin wannan shi ne rufaffiyar tukunyar ƙonawa da ake kira ritot, wadda idan an haɗa ta da kyau takan mayar da kusan kashi 95 cikin 100 na zaibar da ke cikin curi.

Kayan aiki

Na haɗa ritot, duk ana samu wurin masu sayar da kayan famfo:

- murfin bututun ƙarfe mai murɗi, faɗin inci 1½, shi ne zai zama tukunyar
- guntun bututu mai murɗi a baki biyu, faɗinsa ɗaya da murfin, tsawon ɗan yatsa
- gwiwar bututu mai rage faɗi daga inci 1½ zuwa ½
- bututu mai faɗin inci ½, tsawon santimita 60, mai walda ya lanƙwasa shi ya sunkuya ƙasa

Na sauran aikin:

- safar hannu ta roba mai kauri, irin ta naitiril idan an samu
- babbar roba ko rabin duro na wanki, da kwano mai fenti
- ƙyalle mai ƙaramin ido na matsa
- kwalbar roba mai kauri mai murfin murɗi, da bokiti mai murfi da za a saka ta ciki
- kurfoti da gawayi da mafici ko zugazugi, ko abin hura wutar gas
- kofin gilashi ko na roba da ruwa, tsumma, yumɓu, toka, alli ko takarda
- sirinji marar allura, salatif, kwali, tocila, maganaɗisu, ƙaramin sikeli
- riga da wando da takalmi na aiki kaɗai, waɗanda ba sa zuwa gida

Ka kiyaye da irin ƙarfen da za ka sa zaiba ta taɓa. Tana cin alminiyam har ta huda shi, tana kuma manne wa tagulla da jan ƙarfe da azurfa da tutiya. Baƙin ƙarfe ne ba ta kamawa. Yawancin abin da ake kira kwanon silba a kasuwa ba a rabe wanne ne alminiyam, don haka ka gwada da maganaɗisu: wanda ya kama, yi aiki da shi, wanda bai kama ba, bar shi. Zobe da agogo a cire su kafin a fara.

Takunkumin ƙyalle, da na asibiti, da na ƙura, da rawanin da ake naɗewa a hanci, babu wanda ke tare tururin zaiba. Yana ratsa su kamar ba a sa komai ba. Wanda ke tarewa shi ne takunkumin roba mai gwangwanin tacewa da aka rubuta Hg, wato alamar zaiba, a jikinsa, shi ma yana da wa'adi. In babu shi, kariyarka ita ce ritot da iska da nisa.

1. Zaɓen wuri

Wurin ƙonawa ya zama fili ne, nesa da gidaje da kamar mita 500 in da hali. Ba a ƙonawa a ɗaki, ko zaure, ko shago, ko madafa, ko ƙarƙashin rumfar da ake kwana. Wurin cuɗa zaiba kuma ya yi nisan aƙalla mita 100 da rafi, da rijiya, da tafkin da dabbobi ke sha.

Ka lura da iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka wurin ƙonawa ya kasance kudu maso yammacin gari. Da damina ta juya, sai a koma ɗaya gefen. Kai kanka ka tsaya iska na bugun bayanka. Mata masu ciki, masu shayarwa da yara ba su da abin yi a wurin nan, ko da tallar abinci ce ta kawo su. A tsayar da mai talla can nesa, a je a same ta da wankakken hannu.

2. Ƙona sabuwar ritot babu komai a ciki

Yawancin bututun famfo an shafe shi da tutiya, shi ne farin da ke jikinsa. Idan ba a ƙone ta ba za ta haɗu da zaiba ta ɓata zinaren. Ka warware sassan, ka jefa su cikin wutar gawayi mai ƙarfi a fili har su yi ja, farin hayaƙi ya daina tashi. Ka matsa nesa, domin hayaƙin tutiya na sa zazzaɓi da ciwon jiki. Idan sun huce ka kankare ciki da yashi ka wanke.

Kada a naɗa farin zaren roba na masu gyaran famfo a murɗin, kada a shafa fenti ko girisi, kada a like da dalma. Duk za su ƙone su buɗe kafa. Yumɓu da aka kwaɓa da toka shi ne abin toshe murɗi.

3. Tace yashi sosai kafin a kawo zaiba

Babban kuskuren da ya fi kowanne cin zaiba shi ne zuba ta cikin injin niƙa, ko a kan ƙasar da ba a wanke ba. Niƙa na farfasa ta ta zama gari-gari, ƙananan ƙwayoyi masu duhu da ba sa sake haɗuwa, ba sa kuma kama zinare, sai su bi laka su tafi. Mai yin haka yakan yi asarar zaiba ninki huɗu ko fiye na zinaren da ya samu, alhali mai tacewa tukuna abin da yake kashewa bai cika wuce nauyin zinaren da kaɗan ba.

Saboda haka a niƙa, a wanke a kan kafet, a sake wankewa a kwano, har buhunan ƙasa su dawo ɗan baƙin yashi mai nauyi. A sa maganaɗisu cikin leda a bi ta kansa a cire baƙin ƙarfen da ke ciki. Abin da ya rage shi kaɗai zai ga zaiba.

Niƙan ma a yi shi da ruwa, kuma a wajen gari. Dutsen zinare a wasu wurare na ɗauke da dalma, wadda gubarta daban ce da ta zaiba. Ƙurar dutsen da aka riƙa dakawa a tsakar gida ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, aka kuma sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015.

4. Cuɗawa da matsewa

Sa safar hannu. Ɗora kwanon a cikin babbar robar da ke da ruwa, yadda duk abin da ya zube zai faɗa ciki. Auna zaibar a sikeli ka riƙe adadin a ka, ko ka rubuta: giram 10 zuwa 15 ya ishi kilo ɗaya na tataccen yashi. Da ido ba ta da yawa, domin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya kusa giram 70. Mutane na zuba fiye da kima suna zaton za ta fi kamawa, alhali rarar ce ke ɓacewa a laka.

Ɗiga ɗan sabulun wanki a ruwan. Maiƙo, ko na hannu ne ko na inji, yana hana zaiba kama zinare. Juya a hankali da guntun katako ko ƙarfe na minti 15 zuwa 20. Kada ka buga da ƙarfi, za ta farfashe. Daga nan ka wanke yashin sannu a hankali har zaibar ta taru wuri guda tana sheƙi.

Juye ta a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka murɗa a ƙarƙashin ruwa cikin kwano. Rarar za ta tsattsafo ta idon ƙyallen kamar zufa, ta taru a gindi, curin ya rage a ciki. Wasu na kama bakin ƙyallen da haƙori don su ƙara matsewa, wasu na ajiye curin a kunci ko a aljihun riga. Duka biyun a daina. Curi na shiga ƙaramar kwalba mai ruwa har lokacin ƙonawa.

Lakar da zaiba ta taɓa ba ta komawa rafi. A tara ta a rami guda da aka shimfiɗa wa leda mai kauri ko aka daɓe da siminti, a rufe. Kada kuma a sayar da ita ga masu jiƙa ƙasa da sayanaid, sinadarin da ke narkar da zinare, sai an cire zaibar, domin idan suka haɗu sukan zama wani sinadari mai narkewa a ruwa, wanda ke tafiya nesa fiye da zaibar kanta.

5. Ƙonawa

Shafa alli ko ɗan yumɓu mai ruwa-ruwa a cikin murfin ka bar shi ya bushe, ko ka kara shi a kan fitila ya yi baƙin hayaƙi. In ba haka ba zinaren zai manne da ƙarfe sai an sa kurfi. Naɗe curin a 'yar takarda ka saka. Kada ya wuce sulusin murfin. Idan babba ne a gutsuttsura shi.

Ɗaura murfin tam, ka bi duk mahaɗa da yumɓu. Zaunar da tukunyar a cikin garwashi har wuyan gwiwar, dogon bututun ya fita gefe ya sunkuya zuwa kofin ruwa. Naɗe tsakiyar bututun da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye ruwa kusa don ƙara jiƙawa. Sanyin nan ne ke mayar da tururi ya koma zaiba. Idan tsumman ya bushe bututun ya yi zafi har baki, tururi ne ke fita.

Ga inda ake jin ciwo. Idan aka nutsar da bakin bututun cikin ruwa, da zarar wuta ta ragu sai iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ya hau har cikin tukunyar da ta yi ja. Ruwa a kan ƙarfen da ya yi ja a rufaffen wuri fashewa yake yi, ya watsa zaiba mai zafi a fuska. Maganin abin shi ne bakin bututun ya tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya a saman ruwa, a ɗaura masa guntun ƙyalle kamar hannun riga wanda ƙarshensa ke cikin ruwan. Zaiba za ta gangaro ta cikin jiƙaƙƙen ƙyallen ta faɗa kofi, in kuma ritot ta zuƙa, iska za ta ja.

Fara da wuta kaɗan na minti 5 zuwa 10. Da farko ruwan da ke jikin curin ne zai fita. Idan aka buɗe wuta gaba ɗaya tun farko, curin kan tafasa ya yi tsartuwa, ƙwayoyin zinare su bi bututu. Bayan haka ƙara wuta. Zaiba na tafasa a digiri 357, zinare kuwa sai 1,064 yake narkewa, saboda haka abin da ake nema shi ne tukunyar ta yi ja mai duhu, ba ja mai haske ba. Za ka ga ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi suna faɗawa kofi. Riƙa ɗan ƙwanƙwasa bututun da ƙarfe don waɗanda suka maƙale su gangaro. Idan ɗigowa ta tsaya, ci gaba da wuta minti 10 kuma, ka matsar da garwashi kan gwiwar, domin nan zaiba ke laɓewa. Ƙaramin curi yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 gaba ɗaya.

6. Jira ta huce

Rabin amfanin ritot a nan ake zubar da shi. Mutum ya ƙagu ya ga zinarensa, sai ya sa filaya ya kwance murfi da zafinsa, duk tururin da ya rage a ciki ya bugi fuskarsa a lokaci guda. Janye kofin, sauke ritot daga wuta, ka bar ta har sai ka iya riƙe tukunyar da tafin hannu ba ka ji zafi ba. Kada ka tsoma ta a ruwa don sauri. Sannan ka buɗe, hannu a miƙe, iska na bayanka.

Zinaren zai fito kamar soso, wani lokaci da duhu ko ja-ja saboda ƙarfen tukunyar. Wannan duhun a fata yake, yana fita wajen narkarwa, amma wasu masu saye na fakewa da shi su rage kuɗi, shi ya sa da yawa ke gudun ritot. Shafen alli da sanya curin a takarda na rage shi. Ya kuma fi kyau masu wanki na wuri guda su yi magana da mai saye tun kafin su fara, a narkar da na farko a gabansa ya ga nauyi da launi.

Auna zaibar da ta dawo. A ƙonawa biyu ko uku na farko za ta yi kasa, domin sabon bututu na riƙe wani abu a jikinsa. In an wuce nan har yanzu ba ta kai kusan rabin nauyin curin ba, akwai kafa a wata mahaɗa. Sake yumɓun, ko ka canza murfin idan murɗinsa ya cinye.

Idan babu kayan famfo

Ana haɗa ritot da kwanuka. A huda gindin babban kwanon ƙarfe daidai yadda ƙaramin kofin ƙarfe zai zauna a ramin, gindin kofin ya leƙo ƙasa inda wuta za ta taɓa shi. A zuba yashi kewaye da kofin, a sa curi a ciki, a kife wani kwano a kai, a tura bakinsa cikin yashin, a toshe kewayen da jiƙaƙƙen yashi. Tururi zai taru a jikin kwanon sama ya gangaro cikin yashi, daga baya a wanke yashin a cire zaibar. Idan kwanon saman na gilashin da ke jure wuta ne, mai zinare na kallon curinsa yana canza launi, hankalinsa ya fi kwanciya. Sai dai gilashi na jimawa bai huce ba, kuma ruwan sanyi na fasa shi. Wannan ba ta kai ta bututu kamawa ba, amma tsakaninta da cokali a kan garwashi akwai nisa. Kwanukan sun bar madafa ke nan har abada.

7. Farfaɗo da zaibar da ta dawo

Zaibar da aka yi aiki da ita takan yi dauɗa, ta dushe, ta rage kama zinare, sai a zubar a sayi sabuwa. Ba sai an zubar ba. Tace ta a ƙyalle, zuba a kofin roba ko gilashi, ka rufe ta da ruwan gishiri, giram 100 a lita ɗaya. Kawo batirin babur ko na mota mai bolt 12. Wayar da ta fito daga kan da ke da alamar ragi ta taɓa zaibar a gindi. Ta kan da ke da alamar tarawa a ɗaura mata baƙin sandan da ke cikin tsohon batirin tocila, a tsoma shi a ruwan gishirin kawai. Kada sandan ya taɓa zaibar, zai yi tartsatsi. Bayan minti 10 zuwa 15 za ta dawo tana ƙyalli kamar madubi. A fili ake yi, domin ruwan na fitar da iska mai warin bilic da ke shaƙe maƙogwaro. A yi aiki da ita cikin awa guda.

8. Ajiya

Lita ɗaya ta zaiba ta haura kilo 13. Gorar ruwan sha ta rabin lita in aka cika ta za ta kusa kilo 7, gindinta ba zai ɗauka ba. A yi amfani da ƙaramar kwalba mai kauri, a zuba ruwa ya rufe saman zaibar da kamar faɗin yatsa biyu, a ɗaure murfi, a rubuta GUBA, a saka cikin bokiti mai murfi. Ruwan rage tashin tururi yake yi, ba ya hana shi ɗungurungum, don haka murfin ne abin dogaro.

Zaiba na tashi ko ba a sa mata wuta ba, kuma zafi na ƙara mata gudu: a ranar bazara mai digiri 40 abin da take saki ya kai kusan ninki biyar na ranar sanyi mai digiri 20. A ajiye a inuwa, a wurin aiki, a kulle. Ritot da ƙyallen matsa da kayan aiki su ma nan za su kwana, a cikin leda ko bokiti a rufe. Ƙarƙashin gado, inda aka saba ɓoye ta saboda tsadarta, shi ne wuri mafi muni. A yi wanka da sabulu a canza kaya kafin a tafi gida, kada kuma a ba uwargida kayan aiki ta haɗa da na yara a wanki.

Idan ta zube

A fitar da yara da dabbobi, a buɗe tagogi da ƙofar waje, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. Kada a sa tsintsiya: tana farfasa ta zuwa ɗaruruwan ƙwayoyi, tsintsiyar kuma ta riƙa raba su duk inda ta je. Kada a taka a yi yawo da takalmin.

Kwantar da tocila a ƙasa haskenta ya bi daɓe, ƙwayoyin za su yi ƙyalli har waɗanda suka gangara lungu. Tura su da kwali biyu su haɗu, zuƙe da sirinji, juye a kwalba mai ruwa. Ƙananan a ɗauke su da salatif. In akwai garin farar wuta a barbaɗa a tsagogin daɓe, a bar shi ya kwana, a kwashe da jiƙaƙƙiyar takarda. Idan daɓen ƙasa ne a kankare saman da kaurin yatsa biyu zuwa uku a zuba a bokiti mai murfi. Tabarma, katifa ko darduma da ta shiga cikinsu ba sa wankuwa. A naɗe a leda a fitar, kada a ƙona. Ɗakin ya sha iska aƙalla kwana ɗaya kafin a kwana ciki.

Wajen mai saye

Zinaren da ya fito daga ƙonawa yana riƙe da ragowar zaiba, sau da yawa kashi 2 zuwa 5 cikin 100, fiye da haka in an yi gaggawa. Tana fita ne ranar da mai saye ko maƙerin zinare ya narkar da shi, galibi a ƙaramin shago a tsakiyar kasuwa, kullum, shekara da shekaru. Mai irin wannan shago na bukatar rumfar narkarwa mai fanka da ke jan hayaƙi ta bi da shi ta cikin ruwa kafin ya fita. Wanda ke wanke zinare da asid kuma ya sani ruwan da ya rage na ɗauke da narkakkiyar zaiba, wadda kurɓi kaɗan ke ƙona hanji ya kashe ƙoda. Ba a zuba shi a kwata, ba a ajiye shi a gorar lemo.

Hanyar da ba zaiba

Idan zinaren mai ƙwayoyi ne da ido ke gani, a ci gaba da tacewa a kwano har abin da ya rage bai wuce cikin cokali biyu ko uku ba, zinare ya yi rinjaye a ciki. A gauraya da boras, wani farin garin sinadari, kimanin yawan abin da ya rage, a zuba a kaskon narkarwa na yumɓu, a ba shi wuta mai ƙarfi da zugazugi ko gas. Boras na sa yashin ya narke ya zama kamar gilashi, zinare ya taru a gindi ɗigo guda. Masu haƙa a Benguwet ta ƙasar Filifin sun daɗe a kan wannan hanya. Inda take ba da wahala shi ne zinare mai laushi kamar gari, da kuma yashin da ba a tace sosai ba, domin ba zai narke duka ba. A gwada da kaɗan tukuna.

Abin da ke shiga ruwa

Zaibar da ta kwanta a lakar rafi, ƙananan halittun da ido ba ya gani na juya ta ta zama wani nau'i da ya fi ta dafi, mai taruwa a naman kifi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, haka take hawa. Wannan nau'in ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956, aka riƙa haifar yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna ciwo sosai ba. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Nijeriya da Nijar da Gana duk suka shiga. Suya ko banda ko tafasa ba sa cire ta. A ruwan da ke ƙasa da wurin wanki, mai ciki da ƙananan yara su guji manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin giwan ruwa da tsage da manyan tarwaɗa. Ƙananan karfasa sun fi sauƙi.

Alamomin da za a kula da su

Wanda ya shaƙi mai yawa a lokaci guda, cikin 'yan awoyi zai ji tari, ƙirji ya ɗaure, zazzaɓi, ɗanɗanon ƙarfe a baki, numfashi na yi masa wuya. A fitar da shi iska, a cire masa kaya, a wanke jiki, a kai shi asibiti a ranar ko da ya ce ya ji sauƙi, domin huhu kan kumbura daga baya. Yaron da ya haɗiyi zaiba kada a sa shi amai, kada ta koma huhu. A kai shi asibiti. In ruwan asid ɗin wanke zinare ya sha, ko minti ɗaya kada a jira.

Mai shaƙa kaɗan-kaɗan kuwa a hankali take cin sa. Yatsu su fara karkarwa, ya ɗauki kofin shayi yana zuba, sa maɓallin riga ya zama aiki, rubutunsa ya karkace. Fatar ido da leɓe su riƙa rawa. Dasashi ya kumbura yana jini, yawu ya yawaita, haƙora su yi girgiɗi. Barci ya ƙaurace, mantuwa ta yi yawa, mutumin da aka sani da fara'a ya koma mai saurin fushi da gudun jama'a. A nan ne dangi kan ce sammu ne ko iska ko shaye-shaye, a yi ta yawon neman magani yana ci gaba da ƙona curi. Kumburin ƙafa da fuska da fitsari mai kumfa na nuna ta taɓa ƙoda. A yara, tafin hannu da na ƙafa kan yi ja su riƙa saɓa, da zafi da yawan kuka da gudun haske.

Madara da manja da ake sha bayan ƙonawa ba sa wanke komai, domin gubar ta huhu ta shiga, ba ta ciki ba. A asibiti ka faɗa wa likita kai tsaye cewa da zaiba kake aiki, shekara nawa, kuma a ina kake ƙonawa. In ba ka faɗa ba za a bi ka da maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot. Gwajin fitsari ne ke nuna zaibar da aka shaƙa, na jini ko gashi kuma ya nuna ta kifi. Akwai magungunan da ke jawo ta daga jiki, irin su DMSA da DMPS, amma likita ne ke ba da su yana duba ƙoda, kuma ba su da amfani ga wanda zai koma kan hayaƙin gobe. Jiki kan ɗauki kusan wata biyu kafin ya fitar da rabin abin da ya tara. Duk wanda hannunsa ya fara rawa ya bar wurin ƙonawa ga wani, a kuma gwada matarsa da yaransa idan an taɓa ƙonawa ko ajiye zaiba a gidan.